Yadda ake tara tsofaffin wuƙaƙen aljihu da gane asalinsu a Katsina

Wuƙar aljihu, wato mai naɗewa ta shige cikin ƙotarta, ta shigo ƙasar Katsina ta hanyoyi biyu, kuma wanda ya san hanyoyin nan ya rage wa kansa wahala. Ta kudu, kayan Ingila da Jamus sun biyo jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, suka bazu ta kantunan kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant da UAC, 'yan koli suka ƙarasa da su kasuwannin ƙauye. Ta arewa kuma kayan Faransa sun gangaro daga Maraɗi ta Jibiya, da Damagaram ta Kwangwalam da Mai'aduwa zuwa Daura. Saboda haka a tire guda na mai tsofaffin ƙarafa kana iya ganin 'yar Sheffield ta Ingila kwance kusa da 'yar Thiers ta Faransa. Aikinka shi ne ka raba su, ka san wace ce tsohuwar gaske, kuma kada ka lalata ta da hannunka garin gyara.

Kayan aiki

Na fita kasuwa kaɗan ne, duk aljihu ɗaya zai ɗauke su: gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninka gani sau 10, ƙaramar tocila, ɗan mayen ƙarfe, ko da na tsohuwar sifika ne, guntun alli, rula mai milimita, tsumma mai tsabta. Idan babu gilashin, kyamarar waya ta wadatar: ɗauki hoton wurin cikin hasken rana, ka buɗa shi da yatsu.

Na gida: kananzir kamar rabin kofin shayi, man keken ɗinki, basilin, tsohon burushin haƙori, tsinken sakace, fensir, guntun wayar jan ƙarfe mai kauri da aka daddale bakinta ya yi faɗi, takardar alminiyam ta naɗe abinci, zare da kwali na rataya lamba, da littafin rubutu mai bango mai ƙarfi. Sai akwatin ajiya da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi ko robar magani.

Abin da ba ya cikin kayan aikinka: samfefa, magagari, giranda, soson ƙarfe na wanke tukunya, toka da yashi, ruwan batir, ruwan tsami ko lemon tsami. Dalilin yana tafe a mataki na 6.

Mataki na 1: Zaɓi layin da za ka bi

Sabon shiga yakan sayi duk abin da ya naɗe, bayan wata uku ya tarar da kwano cike da tarkacen da ba ya iya bayanin ko ɗaya. Zaɓi iri ɗaya ko biyu ka ƙware a kansu: Okapi na Jamus kawai, ko wuƙaƙen Faransa da suka shigo ta Nijar, ko wuƙaƙen soja masu shekara a jiki. Na sojan sun fi sauƙi ga mai koyo domin su suke faɗin shekarunsu da kansu.

Ka kuma cire rai daga cewa wannan hanyar kuɗi ce. Yawancin abin da ya iso nan kayan talaka ne da aka ƙera da yawa aka sayar da araha. Darajarsu tana cikin lafiyarsu da tarihin da ke tare da su.

Mataki na 2: Inda ake nema

Fara da masu shimfiɗa tsofaffin makullai da kwaɗo da sassan fitila a babbar kasuwar Katsina da 'Yar Kutungu, sannan kasuwannin kan iyaka, Jibiya da Mai'aduwa. 'Yan gwangwan da 'yan jari-bola su ne na biyu: ƙarfe a wurinsu nauyi ne, don haka nuna musu hoton irin abin da kake so a waya, ka ce a ware maka kafin a loda mota. Maƙera da masu washin wuƙa suna ganin wuƙaƙe fiye da kowa, musamman gab da babbar salla, sai dai ka roƙe su su kira ka kafin su ɗora ta kan dutse, ba bayan sun ɗora ba. Tsofaffin wanzamai, mahauta, dukawa da direbobin da suka yi zamanin manyan motocin Nijar su ma akan dace a wurinsu.

Idan a cikin gida aka fito maka da ita daga adakar mamaci, tambayi ko an raba gado kuma wa ta faɗa wa. Kada ka saya hannun yaron da ya zaro ta a ɓoye.

Batun tafiya da ita: garin da ya sha fama da ƙauraye, jami'in tsaro ba zai tsaya sauraron tarihin wuƙaƙen Jamus ba idan ya laluba aljihunka ya ji wuƙa uku. Naɗe abin da ka saya a takarda, ka ɗaure, ka sa a ƙasan jaka tare da littafinka na lissafi. Kuma ba a shiga jirgin sama da ita a jakar hannu.

Mataki na 3: Dubawa kafin taya

Bi wannan tsari kowane lokaci, kada ido ya ruɗe ka da ƙyallin ƙota.

Riƙe ta a rufe tukuna. Shafa yatsa a hankali ta bakin ƙota: idan tsinin ya leƙo waje yana kama fata, an cinye ruwan wuƙar da washi. Duba bayanta inda sifirin yake, ya kamata ya kwanta daidai da ƙota. Wanda ya nutse ciki ko ya tsage, ya mutu, kuma samun madadinsa a nan sai dai a yanko daga wata wuƙar.

Buɗe ta. Mai lafiya tana tafiya da ɗan nauyi, ta zauna da ƙara "ƙas", haka ma wajen rufewa. Wadda ke lilo ba ƙara, sifirinta ya saki ko datti ya cika gaɓar. Ɗiga mata mai digo ɗaya ka motsa sau goma. Idan ƙarar ta dawo, datti ne kawai. Idan mai baki biyu ce ko fiye, buɗe ɗaya ka rufe kafin ka taɓa na biyu. Baki biyu da ke kan sifirin guda, aka bar su duka a rabin buɗewa, su ne ke karya sifirin, kuma a hannun mai saye hakan ya fi faruwa.

Kama tsinin da tsumma ka girgiza hagu da dama. Ɗan motsi kaɗan ba laifi a tsohuwar wuƙa. Motsi mai yawa yana nufin an yi ta banƙarar gwangwani da ita.

Yanzu auna abin da washi ya ci. A sabuwar wuƙa ruwan yana kusan cika tsawon ramin ƙota. Idan ka rufe ka ga saura fili kamar faɗin yatsa, tsinin ya taɓa karyewa an sake fiƙe shi. Dubi kuma gurbin farce, ɗan ramin da ake sa farce a buɗe: idan kaifi ya matso kusa da shi, an ci sulusin faɗin ko fiye. Wuƙar da ta sirance ta koma kamar basilla ba ta shiga tari, sai idan irinta ba ta samuwa.

Daga nan ƙusoshi. Su kasance launi ɗaya, kansu a lafe. Ƙusar gaɓa da ta fi sauran haske, ko aka ga sawun guduma kewaye da ita, shaida ce an taɓa buɗe wuƙar, wataƙila an sauya ruwan. Maƙeranmu sun iya wannan aiki: su ƙera sabon ruwa da sifirin mota su dasa a ƙotar Bature. Ba abin ƙi ba ne, wani lokacin ma ta fi ta asali ci, amma ka saye ta da sunan gyararriya, ka rubuta ta haka.

Wajen ciniki kada ka nuna zumuɗi, kada kuma ka yi wa dattijo ƙarya cewa tarkace ce. "Baba, wannan fa, nawa za a sallama?" Idan ya ce, "Taya dai, ɗana," sai ka nuna masa aibin da ka gani, ka taya. Kafin ka tashi tambaye shi inda ta fito da wanda ya riƙe ta. Sau da yawa amsar ta fi wuƙar daraja.

Mataki na 4: Karanta tambarin wuya

Wuyan wuƙa shi ne ɗan filin da ba a wasawa, tsakanin kaifi da gaɓa. Nan maƙera ke buga sunansu da garinsu, kuma tambarin nan shi ne askar gadon wuƙa: da shi ake sanin gidan da ta fito. Goge wurin da tsumma mai ɗan mai. Goga alli, ka share da yatsa, farin zai zauna cikin haruffa. Haska tocila daga gefe, kwance, ba daga sama ba, inuwa za ta fito da abin da ido bai gani ba. Duba fuska biyu na wuyan, da wuyan kowane ƙaramin baki, da jikin mabuɗin gwangwani idan akwai.

Kwafe rubutun yadda yake, layi bisa layi, har da ɗigo da tauraro. Sannan ka tace shi da waɗannan ƙa'idoji:

Sunan ƙasa. Dokar Amurka ta 1890 ta tilasta a riƙa buga sunan ƙasar da kaya suka fito, don haka wuƙar Sheffield mai ɗauke da "England" kusan kullum bayan wannan shekara aka yi ta. Rashin sunan ƙasa shi kaɗai ba hujjar tsufa ba ne, jabu ma ba ya ɗauke da shi.

"W. Germany" ko "West Germany" ba ya yiwuwa kafin 1949, kuma an bar shi bayan haɗewar Jamus a 1990. Haruffan "D.R.G.M." rajistar Jamus ce da ta fara a 1891 ta ƙare a shekarun 1940.

"Stainless", "Rostfrei" ko "Inox" duk ƙarfen da ba ya tsatsa suke nufi. A Sheffield aka gano shi a 1913, kuma sai a shekarun 1920 ya fara yawa a wuƙaƙe. Duk wanda ya ce maka wuƙa mai wannan rubutu ta ga zuwan Turawa Katsina a 1903, labari yake ba ka.

Ka riƙe wannan: tambari yana faɗa maka shekarar da wuƙa ba za ta girme ta ba, ba lallai shekarar da aka ƙera ta ba. Haɗa alamu biyu ko uku kafin ka yanke hukunci.

Ga gidajen da ya kamata ka haddace.

Okapi. An fara ta a garin Solingen na Jamus a 1902, musamman don kasuwannin Afirka. Ƙotar katako ce ja-ja, sau da yawa da adon wata da taurari na farin ƙarfe, sifirin a waje bisa bayanta, da zobe da ake ja kafin ta rufe; tana ƙara "ƙar-ƙar-ƙar" wajen buɗewa. A 1988 aka sayar da sunan da injinan, aikin ya koma Afirka ta Kudu. Rarrabewar ba wuya: "Made in Germany" ta kafin komawar ce, "Made in South Africa" ta baya. Akwai kwaikwayo da yawa masu zobe da wata amma babu hoton dabbar okapi da sunan a ruwan.

Douk-Douk. Kamfanin Cognet na garin Thiers a Faransa ke yin ta tun 1929. Siririya ce ƙwarai, ƙotar falle ɗaya ne na ƙarfe da aka ninke, ƙusa biyu, da ɗan marataya a gindi. Ta asali baƙa ce da hoton wani dodo mai dogon hula. Akwai 'yar'uwarta El Baraka mai farar ƙota da zanen kuros ɗin Agadas maimakon dodon, wadda aka yi wa kasuwannin Musulmi. Ita ce za ka fi sa ido a kanta a kayan da suka fito Nijar. Siffarta kusan ba ta sauya ba har yau, saboda haka a nan bayanin mai ita da irin cin da hannu ya yi wa ƙota su ne madogara. Zanen furanni da ke kan ruwan ba bugawa aka yi ba, sama-sama yake, guga kaɗan ke tafiya da shi.

Opinel. Joseph Opinel ya fara ta a 1890 a yankin Savoie na Faransa. Tambarinta hannu da kambi a sama, tun 1909. Ƙota katako ce zagayayya, da lambar girma. Lamba 8, mai ruwa santimita 8.5, ita ce aka fi gani. Zoben da ake murɗawa a kulle ruwa ya zo a 1955, don haka mai zobe ba ta girme wannan shekara ba. Idan zoben yana kulle ta har a rufe, daga 2000 zuwa yau ce, ba tsohuwa ba. Lamba 2 zuwa 5 dama ba su da zobe, kada ƙanƙanta ta ruɗe ka. Lamba 1 da 11 na ainihin jerin an daina su tun shekarun 1930.

'Yan Sheffield. Joseph Rodgers & Sons tambarinsu tauraro da kuros, sau da yawa da adireshin "6 Norfolk Street". Idan ka ga V da R da kambi a tsakani, zamanin Sarauniya Victoria ne, 1837 zuwa 1901. Idan kuma ga "England" a ƙasa, ka matse ta cikin shekaru goman ƙarshe na mulkin. George Wostenholm nasu "I*XL". Waɗannan sunaye biyu an yi ta satarsu tun zamanin da, kuma har yau ana buga su a sababbin wuƙaƙe a Sheffield, don haka suna kaɗai bai isa ba, sai aikin ya yi daidai da sunan: gaɓa a matse, sifirin a lafe, ƙusoshi a share. Richards kuwa, mai tambarin fitilar titi, wuƙar araha ce da aka yi daga shekarun 1930 zuwa farkon 1980. Ƙotarta gwangwani ne holoƙo da aka lulluɓe da roba mai launi. Ƙwanƙwasa ta da farce za ka ji fanko, mayen ƙarfe kuma zai kama gefenta.

Wuƙar sojan Ingila. Kakkaura, baƙar ƙota mai zanen gida-gida kamar dara, ruwa mai dunƙulallen baki, mabuɗin gwangwani, wasu da kakkauran tsinke na kwance igiya a baya. Nemi alamar kibiya mai ƙafa uku, wadda ke nuna kayan gwamnatin Ingila, tare da shekara da sunan maƙeri, galibi a jikin mabuɗin gwangwanin. Masu 1939 zuwa 1945 na yaƙin duniya na biyu ne, zamanin da dakarun Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 suka yi yaƙin Bama, don haka gidajen tsofaffin soja wurin tambaya ne. Mai kama da ita sak amma da "ABL" da shekarar 1950 ko 1951, ta sojan Beljiyam ce.

Jar wuƙar Suwizalan. Gida biyu ne: Victorinox, kuros cikin garkuwa, da Wenger, kuros cikin murabba'i mai lanƙwasassun kusurwa, Victorinox ta saye Wenger a 2005. Sa rula: babbar Victorinox ta yau da kullum milimita 91 ce a rufe, Wenger 85. Ta sojansu mai ƙotar alminiyam, samfurin 1961, milimita 93 ce kuma tana da lamba biyu a wuya, misali 78, wato 1978. Jar wuƙa mai kuros wadda ba ta da sunan ɗayan gidajen nan a wuya, galibi jabu ce, ko nawa bakinta.

Mercator ta Jamus, baƙar ƙotar ƙarfe da hoton kyanwa na tsalle da "K55K", K ta biyun a juye. Gidan Kaufmann ne ya yi ta tun ƙarni na 19. Mai ɗauke da sunan Otter daga 1995 ne zuwa yau.

Ta yaya ake gane tambarin da aka ƙara daga baya? Sa farce. Bugun asali yana da zurfi, kuma ya tsufa tare da ƙarfen da ke kewaye da shi, tsatsa da duhu sun shiga cikin haruffa. Rubutun injin zamani shafe yake, launin toka ko ruwan ƙasa, farce ba ya jin komai. Wanda aka buga da hannu harafi-harafi ba ya tsayawa a layi, gefen haruffan kuma a tashe. Idan wuyan ya fi na sauran bakunan siranta ko sheƙi, an goge tsohon suna ne aka sa wani.

Wanda bai cikin waɗannan, ɗauki hoton tambarin ka nema a intanet da ainihin haruffan da ka kwafe. Wajen farashi dubi abin da aka riga aka sayar, ba abin da mai kaya ya rubuta yana jira ba.

Mataki na 5: Gane abin da aka yi ƙota da shi

Ƙashi yana da ƙananan ɗigo da gajerun layuka baƙaƙe, hanyoyin jini ne da datti ya cika. Gilashi zai nuna su. Ƙaho yana ɗan wuce haske idan ka ɗora tocila a gefensa, kuma yana ɓarewa falle-falle. Hauren giwa ba shi da ɗigon ƙashi, a bakin yanka yana nuna layuka masu gicciye juna kamar saƙa. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, dokar Najeriya ma ta kare giwa, don haka kada ka yi tunanin aika irin wannan waje.

Wanda ya fi buƙatar a gane shi shi ne seluloyid, tsohuwar robar da aka yi ta kwaikwayon haure da ƙaho da lu'ulu'u da ita. Murza ƙotar da babban yatsa har ta yi ɗumi, ka shinshina: warin kafur ke tashi. Mai kwaikwayon haure layukanta a miƙe suke reras, tazara ɗaya, abin da haure ba ya yi. Wasu suna gwadawa da allura mai zafi. Kada ka yi. Seluloyid yana kamawa da wuta nan take, ko bai kama ba ka bar rami.

Mayen ƙarfe ba ya raba baƙin ƙarfe da wanda ba ya tsatsa, duka biyun yana kama su a ruwan wuƙa. Amfaninsa a ƙota ne: tagulla da farin ƙarfen ado ba ya kama su, ƙarfen da aka yi wa ruwan azurfa kuwa yana kamawa. Baƙin ƙarfe launinsa ke tona shi, yana yin toka-toka ko shuɗi-baƙi da shekaru.

Mataki na 6: Tsaftacewa

A nan aka fi yin ɓarna. Tsatsa iri biyu ce. Ja mai gari, wadda ke bin tsumma, tana cin ƙarfe, dole a cire ta. Duhun da ya kwanta lif, baƙi ko toka, ba ya ci, yana ma kare ƙarfen, kuma shi ne shaidar shekaru. Wanda ya kai wuƙa wurin mai giranda ta dawo tana walƙiya ya goge duhun, ya shafe rabin tambarin, zafin dutsen kuma ya kashe taurin kaifin. Mai tarawa na gaske ba zai ƙara kallonta ba. Tsami, ko na lemo ko na tsamiya ko ruwan batir, yana cire tsatsa amma yana barin ƙarfen fari fat da ƙananan ramuka, ya kuma shige gaɓa ya ci gaba da ci a ɓoye.

Ɗauki hoto tukuna, fuska biyu da wuya. Share ramin ƙota da burushi a bushe, ka sakace lungu da tsinke. Za ka sha mamakin abin da ke fitowa, garin goro, taba, zaren aljihu. Ɗiga kananzir digo uku a gaɓa, bar shi minti 15, motsa ruwan a hankali, goge baƙin da ya fito, maimaita har ya fito fari. Wuƙa mai ƙarfe zalla irin Douk-Douk ko Mercator ana iya tsoma ta ta kwana a kananzir. Mai ƙotar katako, ƙashi, ƙaho ko seluloyid ba a tsoma ta, domin tana sha ta yi tabo.

Wadda ta ƙi buɗewa, kada ka sa filaya, kada ka karya farcenka. Kananzir safe da yamma kwana biyu ko uku, sannan ka sa bakin wayar jan ƙarfen a gurbin farce ka ɗaga kaɗan-kaɗan. Opinel da ta cije da damina katakon ne ya kumbura: buga ƙarshen ƙotar a kan benci, tsinin zai leƙo, sannan ka bar ta a inuwa mai iska ta bushe.

Jar tsatsa: shafa man keke, bar shi awa ɗaya, kankare da wayar jan ƙarfe. Jan ƙarfe ya fi ƙarfen wuƙa laushi, yana ɗauke tsatsa ba ya yagar ruwan. Jan sawun da ya bari mai ke goge shi. Cikin haruffan tambari yi amfani da bakin fensir. Idan babu wayar, dunƙule takardar alminiyam ka tsoma a mai ka goga, daga baya zuwa kaifi, ba a zagaye ba. Koren da ke fitowa a tagulla tsinke da mai sun ishe shi. Da zarar tsumma ya daina yin ja, tsaya.

Goge kananzir sarai, sa man keke digo ɗaya a gaɓa, shafa siririn mai a ruwan. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo su kama gaɓar; baƙin man mota yana da datti, yana kuma ɓata ƙashi. Ƙashi da ƙaho da suka bushe, ɗan basilin a yatsa, a bar shi ya kwana, a goge. Wuƙar tari ba a wasa ta. Idan kana son ta yanka rake da tsire, ware guda daban.

Mataki na 7: Rubutawa

Ba kowace wuƙa lamba a kwali, ka ɗaura da zare. Kada ka karce lamba a jikinta, kada ka manna salatif. A littafi rubuta lambar, ranar saye, kasuwa, kuɗin da ka biya, tsawonta a rufe da milimita, yawan baki, rubutun tambari, irin ƙota, da duk aibi. Bayanin mai sayarwa ka rubuta shi a layi daban da "in ji shi" a gaba, don kada bayan shekaru ka ɗauki zance ka mai da shi hujja.

Mataki na 8: Ajiya da yanayin garin nan

Kowane lokaci da irin ɓarnarsa. Damina, musamman Agusta, ita ce ta tsatsa: duba akwati duk mako biyu, ka goge, ka sabunta mai. Sa ƙunshin tsotse laima huɗu ko biyar a akwatin da ke da wuƙa goma, ka riƙa shanya su a rana mai zafi. Idan babu, busasshen gawayi a ƙulle cikin tsumma yana ragewa. Hunturu yana busar da katako da ƙashi har su tsage daga wajen ƙusa, don haka shafa basilin tun farkon Nuwamba, ka rufe akwatin saboda ƙura. Bazara kuwa, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada akwatin ƙarfe ya zauna saman sif kusa da rufin kwano. Sauke shi ƙasa, ɗakin da ya fi sanyi.

Kada ka ajiye wuƙa cikin kube ko jakar fata, komai kyan aikin badukun. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana baƙanta ƙarfe, tana riƙe laima, tana kuma sa tagulla yin kore. Naɗe kowace a tsumman auduga daban, a rufe, don kada su gogi juna. Wadda za ta daɗe ba a taɓa ba, basilin ya fi man keke zama. Bayan ka nuna wa baƙo ya shafa, goge ruwan kafin ka mayar, gumin hannu yana barin sawun yatsa a baƙin ƙarfe cikin kwanaki kaɗan.

Masu ƙotar seluloyid a ware su gaba ɗaya. Idan ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai tsami da ke cin ƙarfenta da na duk wuƙar da ke kusa, kuma zafi da rufaffen akwati suna gaggauta abin. Alamunta: ƙota ta tsuke ta bar fili wajen ƙusa, ta yi tsaga-tsaga ko ta riƙa gumi, ga wari mai tsami, sai tsatsa a daidai sashen ruwan da ke leƙowa saman ƙota a rufe. Ajiye su a buɗaɗɗen faranti, a inuwa, nesa da risho da fitila, ka duba su duk wata. Wadda ta riga ta fara, babu mai da ke tsayar da ita: ɗauki hotonta, ka kai wa maƙeri ya cire ƙotar a sanyi ba tare da wuta ba, ya sa ta katako ko ƙaho, ka rubuta ranar sauyin a littafi a ƙarƙashin lambarta.